Harafin da Yake Aiken Nata'ala

Duk wanda ya san Nata'ala mai famfo a Ɗanbatta ya san shi da hali guda: ba ya zuwa inda ba a kira shi ba. Ko biki ake a layinsu, sai an aiko masa da goro an ambaci sunansa. Ba girman kai ba ne, don mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a tsugune cikin baƙin mai ba shi da inda zai ajiye girman kai. Abin ya samo asali ne tun yana koyon gyaran keke a bakin tasha. Maigidansa na lokacin, wani tsoho mai faɗan tsiya, ya ce masa duk mai gyaran da ya je gidan mutane ba a kira shi ba, fatan ɓarna ya kai musu, ba shi da bambanci da mai haƙa kabari da ya je duba marar lafiya. Tsohon ya faɗi maganganu da yawa a rayuwarsa, yawancinsu zagi ne, amma wannan ce kaɗai Nata'ala ya ɗauka, ya kuma riƙe ta da hannu biyu.

Daga keke ya koma injin niƙa, daga nan ya koma injin ban-ruwa na masu lambu, har Allah ya kawo zamanin rijiyar burtsatse mai aiki da sola. A tsakanin nan ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata, ya aurar da su, matarsa ta yi jinya ta rasu. Gidan ya yi masa faɗi. Mutane suka yi ta kawo masa labarin zawarawa, yana cewa to, su tafi da to ɗinsu. Yayarsa Maijidda ce take aiko masa da tuwo, kowane kwano da saƙon faɗa a kansa, shi kuma ya cinye tuwon ya mayar da kwanon a wanke.

Da wata ƙungiya ta haƙa rijiyoyi a ƙauyukan da ke tsakanin Ɗanbatta da Bici, sai ta ɗauke shi ya riƙa kula da su. A gindin kowane tanki akwai ɗan ɗaki, a cikin ɗakin akwai ɗan akwati mai layin waya a cikinsa. Duk safiyar Talata, wata kwamfuta da ke ofishin ƙungiyar a Kano takan shiga akwatunan nan daga nesa, ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta, ta tambayi kowanne halin da famfonsa yake ciki. Akwatin da ya amsa da kalmar LAFIYA, ta wuce shi. Wanda ya faɗi wani abu daban, ko ya yi shiru, sai ta tura wa Nata'ala saƙo a waya cewa ya je ya duba ƙauye kaza. Wadda ta rubuta wa kwamfutar wannan tsari ba baƙuwa ba ce, Nazira ce, 'yar Maijidda, wadda ta yi karatun kwamfuta take aiki a ofishin. Aikin ya zauna wa Nata'ala kamar an auna shi, domin ga mai kira wanda ba ya kira sai da dalili. Haka dai ya ɗauka.

A farkon damina aradu ta faɗa wa akwatin Ɗorawar Sambo ta ƙone shi ƙurmus. Aka aiko da sabo, ba irin sauran ba, Nata'ala ya je ya ɗaura, Nazira ta daidaita shi daga Kano, kowa ya koma harkarsa. Ranar Talata saƙo ya shigo: je ka duba Ɗorawar Sambo.

Hanyar ƙauyen yashi ce zalla, ta ratsa tsakanin gonaki inda geron wani yake ƙarewa gyaɗar wani ta fara, babu filin da za a shimfiɗa tabarma. Nata'ala ya isa da babur ɗinsa, ya tarar da tanki a cike, ruwa yana zuba, mata da yara sun jera jarkoki. Ya tambayi makullin ɗakin akwati, aka nuna masa gidan da ƙofarsa take kallon tankin.

Makullin yana hannun Jumma. Mijinta ya rasu, ta gama takaba ta dawo gidan yayanta Mati, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mutanen gari sun damƙa mata makullin ne bayan an ɗaura sabon akwatin, saboda ita kaɗai ce yara suke shakka a unguwar, ita kuma ta ɗaure shi a gefen zaninta ta ce ba ta ba kowa a hannu. Mai son a buɗe, ita za ta buɗe, ta tsaya har ya gama. Mace ce doguwa, ba yarinya ba, mai kallon mutum kai tsaye kamar tana auna mudu.

Ta buɗe. Nata'ala ya shiga ya duba, koriyar fitila tana ci yadda ya kamata. Ya taɓa wayoyi, ya saurari famfo, ya hau ya goge farantan sola don kada a ce ya zo a banza.

Jumma ta ce, "Malam, me ya same shi?"

Ya ce, "Ba komai."

Ta ce, "To, Allah ya ƙara masa lafiya."

A Ɗorawar Sambo ba a barin wanda ya zo aikin gari ya tafi da cikinsa wayam. Ta kawo masa ruwa, ta kawo fura, ta ƙulla masa ƙuli a leda. Ya sha, ya yi godiya, ya tura wa ofis rahoto cewa ya je, lafiya lau.

Talata ta zagayo, saƙon ya sake shigowa. Ya sake zuwa, ya sake samun koriyar fitila da fura. Haka ta gaba, haka ta gaba da ita. Gero ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya wuce kan mutum, Nata'ala yana ratsa shi duk Talata don duba famfon da bai taɓa ko tari ba. A faɗi gaskiya, bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Duk zuwa sai ya rubuta wa ofis cewa ya je, lafiya lau. Sai dai rahoton da ya ce lafiya lau ba kasafai ake karanta shi ba.

Wasu abubuwa suka fara canzawa. Nata'ala ya fara aski ranar Litinin. Rigar aikinsa ta Talata ta fara ganin dutsen guga. Furar kuwa ta fara zuwa da nono mai kauri a cikin kwano mai murfi, ba wanda ake ba kowa ba. Amma idan aka zo batun magana, Allah ya jiƙan maza. Mutumin da zai kwance famfo ya mayar ido a rufe, idan ya zauna a kan dakali Jumma tana tsaye da makulli, babu abin da yake fitowa daga bakinsa sai bayanin inji. Ya gaya mata yadda rana take zama wuta. Ya gaya mata zurfin rijiyar. Ya gaya mata cewa akwatin nan ba ruwansa da ruwa, ko an kashe shi famfo zai ci gaba da aiki, shi tsegumi kawai yake kaiwa Kano. Ita kuma tana saurare tana gyaɗa kai, kamar wadda za a yi wa jarrabawa a kai.

Yana son ta. Ya san haka tun gero bai fitar da kai ba, kuma abin ya ba shi tsoro fiye da duk wata wayar wuta da ya taɓa kamawa. A lissafinsa ba gaggawa. Tunda kwamfuta tana kira, zai ci gaba da zuwa, wata Talatar bakin zai buɗe da kansa.

Wanda bai yarda da wannan lissafi ba shi ne Alhaji Sabiru, dillalin shanu, mai mota da murya. Shi ba ya jiran kira, ko'ina ya ga ƙofa shiga yake yi. Ya ga Jumma sau ɗaya ta kawo mai kasuwa, washegari ya aiko. Wata Talata Mati ya samu Nata'ala a gindin ɗorawa yana ɗaure ledar ƙuli a bayan babur, ya gaishe shi, ya yi zancen ruwan sama, sannan ya ce, yana kallon gonar gyaɗa, "Alhaji Sabiru ya matsa a kan maganar Jumma. Na ce masa ya bari a cire gyaɗa. Idan an cire ba wanda ya fito, ni dai ba ni da abin da zan ce masa." Ya juyo ya kalli Nata'ala, kallon da ko jaki aka yi wa zai gane.

Nata'ala ya ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Ya hau babur, ya yi ta zagin kansa har Ɗanbatta.

A makon nan ne Nazira ta zo gida suna. Bayan an watse ta aika a kira mata kawunta, ya zo tunda an kira shi. Ya same ta a tsakar gida a kan tabarma, ta buɗe laftof a cinya, fuskarta cike da murnar wanda ya kama ɓeran da ya dame shi.

Ta ce, "Kawu, ka yafe mini. Sai shekaranjiya na zauna na bi rahotanninka. Damina guda muna tura ka Ɗorawar Sambo, ashe lafiyar famfon ƙalau. Zo ka gani."

Ya tsuguna. Ta nuna masa jerin ƙauyuka, kowanne da amsarsa a gabansa tsaf. Layin Ɗorawar Sambo kaɗai ya hargitse, ƙarshensa ya dawo ya hau kan farkonsa, ya cinye rabin sunan ƙauyen. Ta danna wani abu don a fito da abin da ido ba ya gani. Sai ga LAFIYA, a bayanta kuma wata 'yar sanda a karkace da ƙaramin harafin r.

Ta ce, "Ga ɓarawon. Si-ar muke ce masa. Ka tuna tafireta irin ta masu buga takarda a bakin kotu? Idan mutum ya kai ƙarshen layi, sai ya tura hannun nan ya dawo farko. To wannan harafi shi ne turawar. An daina tafireta, shi bai tafi ba."

Ya ce, "Me ya kawo shi ƙauye?"

Ta ce, "Sabon akwatin nan ba ya magana sai ya ga kamar mutum ne zaune a gabansa. Ni kuma na sa kwamfutarmu ta yi masa kamar mutum ce. Da ya ɗauka mutum ne, sai yake yi masa ladabi irin na da: duk layin da ya gama sai ya ƙara alama biyu, ɗaya ta ce koma farko, ɗaya ta ce sauka ƙasa. Sauran akwatunan ta sauka kaɗai suke turowa. Kwamfutarmu tana cire ta saukar, ta bar ta komawar manne da amsa. Ni da kai ba ma ganinta, ita tana gani. A wurinta LAFIYA mai wutsiya ba LAFIYA ba ce, sai ta tashe ka."

Nata'ala ya daɗe yana kallon 'yar sandar nan. Bai taɓa ganin abu ƙarami haka da ya yi masa alheri mai yawa haka ba.

Ya ce, "Yanzu shi harafin, ya cuci wani ne?"

"Kai ya cuta mana, Kawu. Kana ta cin yashi a banza."

"Ban yi ƙorafi ba."

"Shi ya sa abin ya fi ba ni tausayi."

Kafin ya samo wata maganar, yatsunta sun riga sun gama. Abin da ta rubuta bai kai tsawon yatsa ba: duk amsar da ta zo daga kowane akwati, a tace ta, a zubar da wannan harafi, sannan a kwatanta. Ta gwada a gabansa. Kwamfutar Kano ta bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, ta zo Ɗorawar Sambo, ta wuce ko waiwaye babu.

Ya ce, "Idan an zubar da shi, ina yake zuwa?"

Ta yi dariya ta ce, "Ba ko'ina, Kawu. Ka huta."

Maijidda ta leƙo daga ɗakin girki ta ce ya gode wa Allah da ya ba shi 'ya mai jin ƙansa. Ya gode, ya sa wa yarinyar albarka, kuma da zuciya ɗaya ya sa, don aikinta ya yi kyau, shi kuwa ya san aiki mai kyau idan ya gani.

Ranar Litinin ya yi aski, don hannu ya saba. Ranar Talata ya goge riga ya zauna a ƙofar gida da waya a tafin hannu. Rana ta ɗaga, wayar ba ta ce uffan ba. Ya roƙi mai shayin layinsu ya kira shi, don ya ji ko layinsa ne ya lalace. Wayar ta yi ƙara lafiya lau. Ya cire rigar ya rataye.

Talatar da ta biyo baya ya kira Nazira ya ce, "Anya injin nan naki yana aiki kuwa?" Ta ce yana aiki, duk ƙauyuka lafiya, ya kwantar da hankalinsa. Ya ce madalla. Bai taɓa jin labarin lafiya ya yi masa ɗaci haka ba.

Wani zai ce me ya hana shi hawa babur ya tafi, hanyar ai ba a rufe ta ba. Mai faɗin haka bai san Nata'ala ba. Sau ɗaya ya gwada. Ya kai har mararrabar da ake sauka daga kwalta, ya tsaya, ya hango kansa yana sallama a ƙofar Mati, ana tambayarsa lafiya, shi kuma ba famfo a bakinsa. Ƙafarsa ta ƙi. A gonakin gefen hanya kuwa an fara cirar gyaɗa, an kifa ta jere tana shan rana. Ya juya kan babur ya koma gida, ya kwance wani tsohon injin ban-ruwa da ba wanda ya ce ya gyara, ya mayar, ya sake kwancewa. Kewa ce take cin sa, da baƙin cikin mutumin da ya san ba wanda ya zalunce shi sai kansa.

Talata ta sake zagayowa. Wannan karon ko aski bai yi ba. Yana tsugune a kan injin nan, hannu dumu-dumu da mai, wayar ta yi ƙara a aljihu. Je ka duba Ɗorawar Sambo. Bai gama karantawa ba Nazira ta kira.

Ta ce, "Kawu, wannan ba harafi ba ne, na duba. Akwatin ne ya yi shiru gaba ɗaya, ko sallama ba ya amsawa. Ka yi haƙuri, sai ka je."

Ya ce, "Ba komai, aikina ne."

Yashin hanyar nan bai taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Ya isa ya tarar da tanki a cike, ruwa yana zuba, jarkoki a jere. Jumma tana tsaye a ƙofar ɗakin akwati, makulli a hannu, ta sa sabon mayafi. Suka gaisa. Ta kalli gemunsa da rigarsa mai baƙin mai, ta buɗe.

Fitila a mace. Wayar wutar akwatin kuwa an zare ta daga soket, an naɗe ta tsaf, an rataye a ƙusa, an ma ƙulle bakinta da leda don kada ƙura ta shiga. Nata'ala ya tsaya yana kallo. A duk shekarunsa na gyara bai taɓa ganin ɓarna mai tsabta haka ba.

Ya ce, "An cire waya."

Ta ce, "An cire."

"Ko yara ne?"

"Makullin ɗaya ne, Malam, kuma ka san inda yake kwana."

Ya kai hannu ya taɓa ƙullin ledar. Ta ce, "Ai kai ka ce ba ruwan akwatin da ruwa, tsegumi kawai yake kaiwa Kano. Na bari sai jiya da yamma, don na san ranar da ake tambayarsa. Ba wanda ya rasa ko kofi ɗaya."

Ya buɗe baki, sai ya ji bayanin soket yana shirin fitowa, ya rufe.

Jumma ta ce, "Jiya Yaya Mati ya gama cirar gyaɗarsa. Gobe mutanen Alhaji Sabiru za su zo jin amsa. An ce kai ba ka zuwa sai an kira ka. To, ni ban san yadda ake kiranka ba sai ta nan. Yaya yana zaure."

Nata'ala ya ji idonsa ya kawo ruwa, abin da rabonsa da shi tun ranar da ya binne matarsa ya dawo daga maƙabarta. Ya juya wa ƙofa baya, ya kwance ledar, ya mayar da wayar cikin soket, domin ko aure ne ba ya hana a bar aiki yadda ya kamata. Fitila ta yi ƙyafta ta koma koriya. Ya fito ya wanke hannu a bakin famfo, ya wanke fuska, man ya ƙi fita, ya bar shi.

Yana cire takalmi a ƙofar zauren Mati wayar ta sake ƙara.

Nazira ta ce, "Kawu, ya dawo, ga shi yana amsawa. Me ya same shi?"

Ya ce, "Kira ne."

"Kira kuma? Wane irin kira?"

Ya ce, "Ki gaya wa Yaya Maijidda ta fara neman goro." Ya kashe wayar, ya yi sallama, daga ciki aka amsa tun bai rufe baki ba.